Wutar da ake yi wa mutum bulala a kanta, yau ita ake roƙon a dawo da ita

A shekarar 1847 gwamnatin Turawan mulkin mallaka a yammacin Ostireliya ta kafa doka kan gobarar daji, a ciki aka ce ɗan asalin ƙasar da aka kama ya cinna wa daji wuta a lokacin da aka hana za a iya tsula masa bulala har 50. Shekara 173 bayan nan, a watan Oktoba 2020, babban kwamitin binciken da gwamnatin ƙasar ta kafa bayan gobarar da ta kusa durƙusar da su ya fito da rahoto, yana ba hukumomi shawara su je su zauna da jikokin waɗancan mutanen da ake zanewa, su ji yanda suke tafiyar da wuta. Tun lokacin maganar haɗa ilimin 'yan asali da kimiyyar zamani ta zama abun yayi, kowa na faɗa, amma idan ka natsu ka duba za ka ga abun ya fi yanda ake faɗinsa wuya, akwai inda ya yi kyau sosai, akwai kuma inda sunan kawai aka ɗauka aka bar ainihin.

Gobarar da ta jawo wannan duka ita ce ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020. Ta ci sama da hekta miliyan 24, wato ka ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Najeriya gaba ɗaya, mutum 33 suka mutu a cikinta kai tsaye, gidaje sama da 3,000 suka ƙone, masana suka ƙiyasta hayaƙin kawai ya yi sanadin mutuwar wasu sama da 400, dabbobin da suka mutu ko suka rasa matsuguni kuma ana maganar kusan biliyan 3. A wani ɗan gari na bakin teku mai suna Mallacoota, ranar jajibirin sabuwar shekara, mutane wajen 4,000 suka gudu suka tare a bakin ruwa, da hantsi gari ya yi duhu kamar tsakar dare daga baya sama ta koma ja wur, sai da jirgin ruwan soja ya zo kwasar mutane. Ƙasa ce fa mai kuɗi, mai jiragen kashe gobara da dubban 'yan kwana-kwana, amma wuta ta fi ƙarfinsu. Nan ne mutane suka fara tambaya, toh su waɗanda suka zauna a wannan ƙasar sama da shekara 50,000 kafin mu zo, yaya suka yi da ita?

Kafin a gane amsar sai mun cire wani hoto daga ranmu, hoton ƙunar daji irin wadda muka saba gani, inda yara ko mafarauta za su banka wa daji wuta a tsakiyar rani saboda gafiya, ta kwana tana ci har ta faɗa gonar wani ta cinye masa kara da harawar da ya tara. Abun da dattawan Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, ke yi ba shi ba ne. Su suna ce mata wuta mai sanyi. Dattijo zai shiga daji ya damƙi ciyawa ya murza a hannu ya ji ko da sauran danshi a gindinta, ya duba wace bishiya ce ta yi fure, ya lura ina iska ta dosa da kuma ko raɓa za ta sauka da dare, sannan ya kunna a wuri ɗaya tak, ba layi ba. Wutar sai ta fara buɗewa a hankali kamar ruwan da aka zuba a tsakar gida, tsayinta bai wuce gwiwa ba, hayaƙinta fari ne ba baƙi ba, mutum na iya tafiya a gefenta yana hira, yaro ma na iya tsallaketa. Ƙadangaru da ƙwari suna jin ƙaurin hayaƙi su haye bishiya ko su yi gaba tunda ba a zagaye su ba. Ganyen saman bishiya ba ya ko yaushi, domin a wurinsu ƙona kan bishiya babban laifi ne, inuwar nan ita ke riƙe komai. Da sanyin dare ya sauka wutar ta mutu da kanta, washegari ka zo ka ga ƙasa dabbare-dabbare, nan ya ƙone can bai ƙone ba, ka tona ƙasan tokar da yatsa ka tarar ƙasar ba ta dahu ba, irin ciyawa na nan da ransa.

Wanda ya fi yaɗa wannan bayanin a 'yan shekarun nan shi ne Victor Steffensen, wanda ya koya a hannun dattawa biyu na ƙabilar Kuku Thaypan a yankin Cape York, Tommy George da George Musgrave, waɗanda jami'ar James Cook ta ba digirin girmamawa a 2005 saboda iliminsu na daji. Abun da yake ta nanatawa shi ne kowane irin daji da lokacinsa, dajin da ke kan yashi daban, na kan laka daban, na bakin rafi daban, ana bin su ɗaya bayan ɗaya yanda suke bushewa, ta yanda idan ka kunna wa wanda ya bushe, maƙwabcinsa da ke ɗanye shi zai tare wutar. Kuma ba don tsoron gobara kaɗai suke yi ba. Ana ƙuna don toho ya fito kangaru su zo kiwo, don buɗe hanya, don doyar daji da sauran abinci, don kare wuraren ibadarsu da idon ruwa. Kowane dangi da ƙasarsa, ba ka isa ka kunna wa ƙasar wani wuta ba sai da izininsa, kuma idan sun ga dajin da aka daɗe ba a ƙona ba ya cushe, cewa suke ƙasar ba ta da lafiya, an yi watsi da ita. A lura kuma ba al'umma ɗaya ba ce, harsuna wajen 250 ake yi a ƙasar kafin zuwan Turawa, don haka babu wata hanya guda da za a ce ita ce ta Aborijin gaba ɗaya.

Da Turawan Ingila suka sauka a 1788 sun tarar da wurare da yawa bishiyoyi tsilla-tsilla ciyawa shimfiɗe a ƙasa, har suna rubutawa cewa kamar lambun wani attajiri a ƙasarsu, amma bai zo musu a rai cewa hannun mutum ne ya yi hakan ba, tunda sun riga sun yanke cewa ƙasar ba ta kowa ba ce. Cuta ta kashe mutane, bindiga ta kashe, aka kwashe sauran zuwa sansanonin mishan da gandun shanu, su kuma ma'aikatan gandun daji da suka yi karatu irin na Turai, a wurinsu wuta abokiyar gaba ce kawai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ciyawa da ƙirare da busassun ganye suka yi ta taruwa shekara da shekaru babu mai ragewa, sai ranar da tsawa ta faɗi ko wani ya yar da guntun taba, duk su tashi lokaci ɗaya.

Abun da ya burge ni shi ne kimiyyar ce da kanta ta zo ta tabbatar da wannan, duk da ta makara. A 1969 wani masanin tarihin tono mai suna Rhys Jones ya kira abun da suke yi noma da sandar wuta, a lokacin da yawancin abokan aikinsa ke ganin mutanen yawo kawai suke a daji. Sannan akwai hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1953 a hamadar yamma, lokacin da mutanen wurin ke zaune a ƙasarsu ba su riga sun fito ba, wani masanin wuta Neil Burrows ya kwatanta su da hotunan tauraron ɗan adam na bayan tashinsu, sai ga shi a da tabon ƙuna ƙanana ne birjik, 'yan hektoci kaɗan kowanne, bayan mutane sun tashi kuma sai wuta ɗaya ta share dubban hektoci a tashi guda. Matan ƙabilar Martu har yau suna ƙona ciyawa a lokacin sanyi don farautar damo, idan wuri ya ƙone sai sawunsa ya fito su bi shi har rami su tono da sanda, masu bincike Rebecca Bliege Bird da Douglas Bird da suka yi shekaru suna bin su sun gano cewa inda matan suka fi farauta nan damo ya fi yawa, saboda ƙananan ƙunar suna samar da ciyawa mai shekaru daban-daban kusa da juna, ga wurin ɓuya ga wurin abinci. Wato farautar ce ke kiwon abun farautar. Har maganar shirwa, mu ma mun san yanda take shawagi a kan ƙunar daji tana cafke fara, toh su Aborijin sun daɗe suna cewa takan ɗauki itace mai wuta ta kai wani wuri ta saki don wutar ta ci gaba, sai a 2017 aka tattara shaidun waɗanda suka gani da ido aka buga a mujallar masana.

Inda haɗin gwiwar ya yi nasarar da ba a musu shi ne yammacin Arnhem Land a arewacin ƙasar. Yanayin wurin zai yi wa Bahaushe kama da gida, damina ɗaya rani ɗaya, sai dai nasu a juye yake, ruwa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, rani daga Mayu zuwa Oktoba. Tudun duwatsun wurin ya kusa zama kufai tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma kowace shekara idan rani ya yi nisa wuta kan tashi ta yi makonni tana ci babu mai tarewa, tana cinye tsoffin kurmin wata bishiya da suke kira anbinik, tana babbake zanen da kakanninsu suka yi a jikin duwatsu. Wani dattijo mai zane, Bardayal Nadjamerrek wanda aka fi sani da Lofty, a farkon shekarun 2000 ya ja iyalinsa suka koma can suka kafa ɗan ƙauye mai suna Kabulwarnamyo, ya haɗu da mutane irin su Dean Yibarbuk da Peter Cooke da masanin kimiyya Jeremy Russell-Smith. Dattawa suka ce mun san yanda za a yi, a ƙona da wuri kafin ciyawa ta bushe ƙarau. Matsalar ita ce mutanen kaɗan ne, ƙasar kuma kusan murabba'in kilomita 28,000, ga babu kuɗi.

Nan kimiyya ta kawo nata. Masana suka yi shekaru suna auna nauyin ciyawa da ganye kafin wuta da bayanta, suna ɗibar hayaƙi, suna bin tabon ƙuna ta tauraron ɗan adam, har suka iya nuna da lissafi cewa wutar farkon rani tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya ƙasa da ta ƙarshen rani, domin ba ta cin komai da komai kuma ba ta yin nisa. Iskar kabon ɗin da ciyawa ke fitarwa ba a ma saka ta a lissafin ba tunda sabuwar ciyawa za ta sake shanyeta da damina, iskar mitan da wata 'yar uwarta ta naitirojin ake ƙirgawa. Da wannan lissafin aka je wa kamfanin ConocoPhillips da ke gina masana'antar iskar gas a birnin Darwin, a 2006 aka ƙulla yarjejeniya zai riƙa biyan wajen dala miliyan 1 ta Ostireliya duk shekara har shekara 17, su kuma masu gadin daji na 'yan asali su rage hayaƙin da ya kai tan 100,000 a shekara. A shekaru bakwai na farko hayaƙin ya ragu da kusan kashi 38 cikin 100 idan aka kwatanta da shekaru goma na baya. A 2012 gwamnati ta mayar da tsarin hanyar da doka ta amince da ita ta samun takardun shaidar rage hayaƙi da ake sayarwa, daga nan ayyuka irinsa suka bazu a faɗin arewa.

Yanda aikin ke tafiya a zahiri abun kallo ne. Kafin rani ya shiga ana zama da masu ƙasa, a shimfiɗa taswirar inda ya ƙone bara da bara waccan, kowane dangi ya faɗi inda za a taɓa da inda ba za a taɓa ba. Sannan mai ƙasar da kansa ya shiga jirgi mai saukar ungulu ya zauna kusa da wani ɗan inji, a cikin injin akwai 'yan ƙwansuna masu garin sinadari, injin ya yi wa ƙwanso allurar wani ruwa ya sake shi ƙasa, kafin minti ɗaya ya kama da wuta a cikin ciyawa. Shi ke nuna wa direba bi gefen rafin nan, tsallake kurmin can, kabarin kakana na bayan dutsen nan kar ka kusance shi. Wasu kuma suna bi a ƙasa da ashana, a mota ko a ƙafa, suna share gefen kurmin anbinik. Idan wutar ƙarshen rani ta tashi duk da haka, tauraron ɗan adam ya nuna inda take, a sauke su da injin hura iska da ake goyawa a baya su kore ganye daga gabanta har ta iso inda aka riga aka ƙona ta rasa abun ci. Ni a ganina wannan shi ne haɗin gaskiya, jirgin da taswirar na Bature ne, amma mai cewa nan da can ɗan gari ne, da ɗan gari kuwa kan ci gari.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Don a iya lissafin kuɗi dole a ja layi, sai doka ta ce duk wutar da ta ci kafin 1 ga Agusta ta farkon rani ce, wadda ta ci bayan nan ta ƙarshe ce, shi kenan. Su kuwa mutanen yankin shekararsu lokaci shida ce ba biyu ba, lokacin fara ƙuna suna ce masa Yekke, kuma ba kalanda ke faɗa musu ya zo ba, furen wani irin itacen turare ne da sanyin safiya. Wata shekarar ruwa ya daɗe bai ɗauke ba, wata ya ɗauke da wuri. Akwai fadamun da ba sa bushewa sai can ƙarshen rani, kuma a al'ada lokacin ake ƙona su, akwai wutar farautar kangaru da maza ke yi ita ma a makare, toh duk waɗannan a takardar lissafi asara ce. Ka ga kenan kuɗin da ya dawo da wutar shi ne kuma zai iya lanƙwasa ta ta koma abun da kasuwa ke so. Kuma ba duk mai cin kuɗin nan ɗan asali ba ne, akwai masu gandun shanu da kamfanoni da ke tashi da jirgi su yayyafa wuta ko'ina kafin ranar ta cika, babu dattijo a ciki babu mai murza ciyawa, amma idan ana talla sai a ce ilimin gargajiya. Masu nazarin dabbobi ma sun yi gargaɗi cewa rage hayaƙi daban, lafiyar daji daban, ƙananan dabbobi na ci gaba da raguwa a arewacin ƙasar har a gandun dajin gwamnati na Kakadu, ga kuliyoyin da suka koma daji suna farauta a filin da wuta ta buɗe, ga kwaɗi masu dafi da aka shigo da su a 1935.

Sai kuma wata matsala da sunanta kaɗai zai sa Bahaushe ya ɗaga kai, gamba. Eh, gambar nan tamu da ake saƙa zana da ita, har can da wannan sunan ake kiranta. An kai ta daga Afirka a shekarun 1930 don gwajin abincin shanu, a 1978 aka fitar da irinta ga masu kiwo. A nan gida gamba ba ta samun sakewa, shanu na ci, mutane na yanka da kaka a ɗaure dami-dami a kai kasuwa, a gona ma da ita ake shata iyaka. A can babu mai yanka, sai ta miƙe har mita 4, ta cushe, ta kuma daɗe ba ta bushe ba, binciken jami'ar Charles Darwin ya nuna zafin wutarta na iya ninka na ciyawar ƙasar har sau 8, tana kai wa kan bishiya ta kashe ta, bayan 'yan shekaru dajin ya koma gamba zalla. A 2012 aka saka ta cikin jerin ciyayi mafi haɗari a ƙasar. Wannan babu dattijon da ya gaji iliminta daga kakansa, domin kakan bai taɓa ganinta ba, wuta mai sanyi ba ta yiwuwa a cikinta, dole sai feshi da taswira da bin diddigin inda take yaɗuwa. Ina kawo wannan ne don masu ganin kamar za a koma yanda ake kafin 1788 ne kawai, ƙasar ta riga ta canza.

A kudu maso gabas kuwa, inda Sidni da Melbon suke kuma inda gobarar 2019 ta fi ɓarna, lamarin ya fi cakuɗewa. Hukumomin can sun daɗe suna nasu ƙunar rage makamashi, bayan gobarar 2009 da ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya kwamitin bincike ya ce a riƙa ƙona kashi 5 cikin 100 na dajin gwamnati duk shekara, sai aikin ya koma neman cika hekta, a je inda ya fi sauƙi a ja layin wuta a zagaye a ƙona da zafi, daga baya jihar ta ajiye wannan ma'aunin. Masu ƙunar gargajiya suna cewa irin wannan wuta mai zafi tana tayar da irin ƙananan itatuwa ne su fito a cushe, bayan 'yan shekaru wurin ya fi da haɗari. Binciken su Michael-Shawn Fletcher, masani ɗan ƙabilar Wiradjuri a jami'ar Melbon, wanda ke tono laka daga ƙasan tafkuna yana karanta garin fure da gawayin da suka kwanta shekaru aru-aru, ya nuna wurare da dama sun fi cushewa da itatuwa bayan an kori masu ƙasar. Wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ce kuma cewa 2019 ita ce shekara mafi zafi kuma mafi fari da aka taɓa aunawa a ƙasar zuwa lokacin, har kurmi masu danshi da ba a saba ganin sun kama wuta ba sun kama, a irin ranakun nan ɓawon itacen turare mai wuta iska ke ɗauka ta jefa kilomitoci da yawa a gaba, wuta ta tsallake inda aka ƙona bara kamar ba a yi komai ba. Duk wanda ya ce maka ƙunar gargajiya kaɗai za ta hana irin wannan bai yi wa mutanen adalci ba, domin ranar da abun ya gagara su za a ɗora wa laifi, kuma ɗan siyasa zai ji daɗin maganar tunda ta ɗauke masa zancen kwal da ɗumamar yanayi.

Babban bambancin arewa da kudu a wurina ba na ciyawa ba ne, na mallakar ƙasa ne. A yankin arewa dokar 1976 ta mayar wa 'yan asali kusan rabin filin yankin, don haka idan sun ce yau za a ƙona, an ƙona. A kudu yawancin dajin na gwamnati ne ko na masu gona, mai son ya yi ƙunar kakanninsa sai ya nemi izini, ya nemo inshora, ya jira a sa hannu, kafin takarda ta fito 'yan kwanakin da ciyawar ke daidai sun wuce. Ana ɗan motsawa, a 2017 mutanen Dja Dja Wurrung sun dawo da ƙunarsu a Biktoriya tare da hukumar gandun daji bayan an shafe fiye da ƙarni ba a yi ba, a 2019 jihar ta fitar da tsarin da masu ƙasar suka jagoranci rubutawa, ƙungiyar Firesticks na ta horar da matasa. Amma filin da ake ƙonawa haka ɗan mitsitsi ne, kuma dajin da ya yi shekara 100 yana cushewa ba a gyara shi da wuta ɗaya, sai an yi ta dawowa shekara bayan shekara, wanda ke nufin albashi na dindindin ba tallafin wata shida ba. 'Yan asalin suna kuma tsoron a zo a naɗi maganar dattawa a waya, a mayar da ita littafin horo, a ce musu an gode.

Mu ma abun bai yi mana nisa ba. Turawan gandun daji sun yaƙi ƙunar daji a Afirka ta yamma da irin wannan tunanin, kuma wani masani Paul Laris da ya yi bincike a kudancin Mali ya nuna manoma da makiyayan wurin suna fara ƙuna tun ƙarshen damina, suna bin wuraren da suka fara bushewa, ta yanda kafin rani ya tsananta dajin ya riga ya rarrabu wuta ba ta samun doguwar hanya. A 2019 masu gadin daji 'yan asalin Ostireliya sun je har Botswana suna nuna yanda suke yi. Ban ce a ɗauko a dasa a dajinmu haka kawai ba, yawan jama'armu da na dabbobinmu ba ɗaya ba ne da nasu, a wurare da yawa ma ciyawar da za a ƙona abincin shanu ce da ake rigima a kanta.

Lofty ya rasu a 2009, shekara uku bayan an sa hannu a yarjejeniyar. Ƙauyen da ya kafa bai watse ba, ƙungiyar masu gadin daji ta Warddeken na ɗaukar mutanen wurin aiki maza da mata, sai dai iyaye sun yi ta kokawa cewa in suna son 'ya'yansu su yi karatu dole su bar dutsen su koma gari. A 2015 suka buɗe makarantarsu a Kabulwarnamyo, ana koyar da yara da Turanci da kuma harshensu, kuma idan Yekke ya shiga ana fita da su daji tare da dattawa, su ga yanda ake murza ciyawa kafin a ƙyasta ashana.